Na Ƙaryata Ɗana a Gaban Jama'a

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Tsanyawa nake rubutowa, kunya ta ishe ni.

Ɗana Habibu kuku ne a jirgin ruwan shaƙatawa a Turkiyya. Da na ji ana dogon hutu a can da Babbar Sallah, sai na baza wa gari yana tafe. Ya bugo waya ya ce ba zai samu zuwa ba. A gaban jama'a na kira shi maƙaryaci, na ce ƙasar Musulmi ce za ta hana shi Sallah?

Ya ce, "Baba, a hutun ne masu hali ke hayar jirgi. Hutunsu daminarmu ce, ba a barin gona da damina."

Kashe wayar kawai na yi. Masu sauraro, da wane baki uba zai ba ɗansa haƙuri?