Tsohuwa Mai Kaya a Kafaɗa

'Yan'uwana, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Rahila, 'yar Baba Ishaya mai gadin kantin bakin ruwa. Mai bishara ya ce in rubuta shaidata a karanta a sujadar Hausa ta nan Anacha, don ya san in aka bar ni in faɗa da baki, zan tsallake rabi saboda sauri. Bai yi ƙarya ba. Kun san ni. Mama takan ce ko ranar haihuwata ban jira ungozoma ba.

Abin da Ubangiji ya cece ni daga gare shi ba ciwo ba ne, ba bashi ba ne. Nauyi ne a ƙirji, wanda na ɗora wa kaina da hannuna ina cewa taimako nake yi.

Wata Juma'a ce da safe, cikin damina. Na makara zuwa ofishin da nake buga tafireta, babban akawunmu kuwa ba ya jin uzuri. Ina gangarowa ta hanyar bakin kogin Kwara sai na ga wata tsohuwa tsaye a tsakiyar titi, motoci na kauce mata, direbobi na yi mata ihu. Mayafinta mai tsada, 'yan kunnenta na zinariya, amma ƙafa ba takalmi. Gaskiya zan faɗa, ba tausayi ne ya tsayar da ni ba. Mamaki ne. Tana da ɗan ƙunshin kaya, kuma ba a ka ta ɗora shi ba. A kafaɗa yake, dab da wuya, hannu ɗaya na tallafe da shi.

A makarantarmu ta 'yan mata a Arewa na zauna da Gwarawa. Na san matansu ne ke ɗaukar kaya haka, suna cewa kai sarkin jiki ne, ba a ɗora masa kaya. To me ya haɗa mayafin Hajiya da kafaɗar Bagwariya?

Na jawo ta gefen hanya. “Iya, ina kwana? Ina za ki?”

“'Yata, ina mashigi?” Hausarta tsantsa, ta Kano.

“Tsallake za ki?”

“Mutanena suna can. Sun daɗe suna jirana. An hana ni ne.”

“Wa ya hana ki?”

Ta dube ni ta yi murmushi kawai.

'Yan'uwa, na san abin da ake yi. Duk wanda ya tashi a garin nan ya sani. Baƙon Arewa in ya ɓata, gidan Sarkin Hausawa ake kai shi, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a yi cigiya. Amma gidan yana can sama cikin gari, jirgin fito kuwa ga shi a gabana yana busa. Na ce a raina, ai ta faɗi inda za ta, kuma akwai Hausawa a tsallaken, a Asaba. Na biya mata kuɗin jirgi, na zaunar da ita kusa da wata mai kwandon kifi, na ce ta kula da ita. Matar ta ɗaga kai ba tare da ta dube mu ba. Iya ta riƙe hannuna ta yi ta sa mini albarka har na ƙosa na zare hannun. Na isa ofis ina jin kaina kamar wata waliyyiya.

Washegari da rana Baba ya dawo daga kasuwa hannu sake.

Mama ta ce, “Ina naman?”

“Yau sai ki yi haƙuri da daddawa. Mahauta duk sun rufe. Uwar Alhaji Sule, babban mahaucin nan, ta ɓata tun jiya da sassafe. Tsufa ya taɓa mata hankali. An tsinci takalmanta a bakin ruwa. Suna can da masu kwalekwale ana laluben gawa.”

Nan take na tuna da tsohuwar jiya.

Ban ce uffan ba. Ni, Rahila, da bakina ba ya rufuwa! Na gaya wa kaina ƙila ba ita ba ce, tsofaffi ai suna da yawa. Amma asalin abin tsoro ne. Mu Kiristoci 'yan kaɗan ne a tsakiyar Hausawan garin nan, muna zaman lafiya, suna kawo mana naman Sallah muna kai musu shinkafar Kirsimeti. Yanzu a ce 'yar Ishaya ce ta tura uwar Alhaji cikin jirgi?

Da yamma ƙafafuna suka kai ni bakin ruwa. Na ga maza cikin kwalekwale da dogayen gora suna tsokanar ciyayin gaɓa. Na ga Alhaji Sule tsaye, babbar rigarsa ta jiƙe har gwiwa, bai ma sani ba. Duk mutanen nan suna nema a inda ba ta, ni kaɗai na sani. Na juya na koma gida. Wayyo, ranar na san yadda shiru yake cin mutum!

Ran Lahadi muka taru a ajin makarantar nan da muke aro. Da aka durƙusa don addu'a, ban iya irin addu'ar da aka koya mana ba. Na ce, “Ubangiji, ni taimako na yi, kai ka gani. To me ya sa nake ji kamar na yi kisan kai? In ba laifi ba ne, ka sauke mini. In laifi ne, ka nuna mini abin da zan yi, don na gaji.”

Ban ji wata murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ya faɗo mini a rai kafaɗar nan ce. Ko da sun tsallaka Asaba, Hajiya mai mayafi za su tambaya, irinta kuwa kullum suna sauka daga jirgi, wa zai tuna? Amma tsohuwa mai kaya a kafaɗa, duk wanda ya gan ta ba zai manta ba, kamar yadda ni ban manta ba. Sai na gane Ubangiji bai sa mini mamakin nan a banza ba. Abin da nake ɓoyewa shi ne hanyar da za a same ta.

Na miƙe kafin a ce Amin. Baba ya biyo ni waje da hularsa a hannu, na zayyana masa komai a bakin ƙofa. Ya sa hularsa. Ya ce, “Mu je. Amma ke za ki faɗa da bakinki.”

Zauren Alhaji cike yake da maza a kan tabarmi, kamar zaman makoki ba gawa. Baba ya yi sallama ya fara gaisuwa, ina gajiya, yaya aka ji da wannan abu, Allah ya bayyana ta. Na ga gaisuwar ba za ta ƙare ba, na durƙusa na ce, “Baba Alhaji, Iya ba ta cikin ruwa. Ni na sa ta a jirgin fito shekaranjiya.”

Ƙaninsa, Garba, ya zabura. “Ke! Wa ya aike ki? Kin ga tsohuwa ba takalmi sai ki loda ta kamar buhun albasa? Shi ne bokon da aka koya muku?”

“Ba wanda ya aike ni. Sauri nake yi. Laifina ne, da shirun da na yi jiya ma laifina ne.”

Alhaji ya ɗaga masa hannu. “Yarinya, yaya kamanninta?”

Na faɗi mayafin, na faɗi 'yan kunnen. Na ce, “Kuma kayanta a kafaɗa ta ɗauka, irin na matan Gwari.”

Garba ya yi tsaki. “To ba ita ba ce. Uwarmu Bakanuwa ce gaba da baya.”

“Zauna, Garba,” in ji Alhaji. “Ita ce.” Ya sassauta murya. “Tana 'yar ƙarama mahara suka ɗauko ta daga tsallaken wani kogi, can ƙasar Gwari, tun kafin zuwan Bature. Sau ɗaya ta taɓa gaya mini, ta ce kada in sake tambaya. Ni da na girma a bayanta ban taɓa ganin ta ɗauki kaya a kafaɗa ba.”

Ashe mashigin da take nema ba na Kwara ba ne!

Muka shiga jirgi, ni da Baba da Alhaji da Garba, muka wuce ginshiƙan gadar nan da ake ginawa. A Asaba Garba ya bi masu talla yana tambayar Hajiya mai mayafi. Kowa ya girgiza kai. Haƙurina ya ƙare. Na cire ɗankwalina na ƙunshe littafin waƙoƙina a ciki, na ɗora a kafaɗa, na ranƙwafa ina tafiya kamar ta. Matan kasuwa suka fashe da dariya. Wata mai ƙosai ta tafa hannu: “Ah! Na dat mama wey dey carry load for neck!” Wato tsohuwar nan mai ɗaukar kaya a wuya. Ta ce ta so ta taya ta ɗorawa a ka, tsohuwar ta buge mata hannu. Mai ƙosai ta nuna mana mai gyaran keke. Shi ya ce a ƙarƙashin rumfarsa ta kwana cikin ruwan sama, da gari ya waye ta bi hanyar barikin leburorin gada.

A can muka same ta. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar wata bukka, an lulluɓe ta da bargo, an naɗe mata ƙafafu da tsumma. Tana feraye doya, tana tari, tana ta zuba magana da sauri da murya kamar ta yarinya, cikin harshen da 'ya'yanta ba su taɓa ji a bakinta ba. Wata matashiya mai goyo ce ke amsa mata. Ladi sunanta, Bagwariya, matar wani lebura. Ta ce da ta hango kafaɗar sai ta gaishe ta da harshensu don ta gwada, tsohuwar kuwa ta ajiye kayan ta fashe da kuka.

“Ta ɗauka ni ce uwarta,” in ji Ladi. “Tana tambayata me ya sa na daɗe ban zo na ɗauke ta ba.”

Alhaji ya tsuguna a gabanta, ƙaton mutum kamarsa. “Iya.”

Ta dube shi da ladabi. “Sannu, malam. Daga ina?”

Garba ya juya mana baya yana kuka.

Kada in ƙawata labarin. Zazzaɓi ya kama Iya, ƙafafunta sun tsattsage, sai da ta kwanta a asibiti, kuma ni na jawo. A jirgin dawowa na raɗa wa Baba, “Ashe Allah ne ya sa na sa ta a jirgi.” Ya ce, “Kul. Allah ya yi nasa, ke kin yi naki. Kada ki haɗa su.” Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce. Da muka sauka na sake durƙusawa a gaban Alhaji. Ya ce, “Tashi, 'yata, na yafe. Da kin ci gaba da shiru, da mun yi sadakar uku a kan mai rai.” A nan, a bakin ruwa, cikin ƙarnin kifi, nauyin ya sauka daga ƙirjina. Haleluya! Na koma gida na ci tuwo har Mama ta ce in bar wa mutane.

Yanzu Alhaji yakan kai ta wurin Ladi lokaci-lokaci, da ƙunshin nama. Garba kuwa har yau in na je sayen nama sai ya ce, “Ga kwandastan jirgi nan, ku ɓoye tsofaffinku!” Amma yana yi mini gyara.

Kwanan baya na gamu da su a bakin ruwa suna jiran jirgi. Na makara kamar kullum. Iya ba ta gane ni ba. Ta kamo hannuna ta ce, “'Yata, ina mashigi?”

Na dubi hanyar ofis. Sai na zauna a kan dakalin kusa da ita. Na ce, “Iya, wane kogi? Ba ni labarinsa.”

Ta ce yana da duwatsu baƙaƙe a tsakiya, da wata bishiyar ɗorawa a gaɓa inda uwarta ke sauke doya ta huta. Sunan garin ya ɓace mata, har yau ina son in san shi. Alhaji yana tsaye a bayanmu yana saurare, bai taɓa jin ko ɗaya ba. Babban akawu ya yi faɗa ranar. Na ba shi haƙuri.

Na gode wa Ubangiji da bai bar tsohuwar nan ta mutu a ƙarƙashin rumfa ba, bai kuma bar ni na ruɓe cikin shiruna ba. 'Yan'uwa, in akwai wanda ke zaune a nan da abin da yake cinsa a ciki, ya kai wa Yesu yadda yake, ko da faɗa-faɗa ne irin nawa. Yana ji. In ya nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, ka tashi ka je, kada ka ji tsoro. A wannan kaɗai na yarda a yi sauri.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.