Ragar da Na Tarar a Kan Murjani

Assalamu alaikum, Malama Hadiza. Sani Yawuri ne, direba a Abu Hamour, Doha.

Lokacin gasar kofin duniya na bi 'yan sa-kai teku, muna cire ragar masunta a wurin da aka hana kamun kifi. Da na nutsa, sai ga murjanin da na sani a wuyan kakata, ashe rai gare shi! Ƙananan kifaye suna ta shawagi cikinsa kamar tsuntsaye a kurmi. Har yau ina mafarkinsa.

Amma ɗaurin ragar da ta kakkarya shi irin na garinmu ne, aikin hannun Bala ne, ɗan garinmu wanda muke ɗaki ɗaya. Na yi masa magana, ya ce, "Kalas, ya isa haka, tekun ubanka ne?"

In na kai ƙara, gida za a mayar da shi. Malama, yaya zan yi?