Zakaran da Babana ke Kira Ladan

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Tudun Wada, Gusau, nake rubuto maka.

Ina yarinya a ƙauyenmu kusa da Bungudu, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, babana makaho ne, kuma babu masallaci kusa. Zakaranmu ke tashinsa sallar asuba, har Baba yana ce masa Ladan. Wata rana zakaran ya yi cara da magariba. Gwaggona ta ce, "Mugun abu yake kira, kamo shi a yanka!" Ni na kamo shi. Washegari Baba bai farka ba sai da rana ta fito. Ya yi kuka, amma bai taɓa yi mini maganar ba har ya rasu.

Don Allah a tambayar mini malamai, alhakin wannan sallar yana kaina?