Tarwada a Tankin Jatan Lande

A bencin shagon mai gyaran injin ruwa, wata mata ta rungume nata injin a cinya tana huci. Dattijon da ke gefenta ya tambaye ta ko lafiya.

"Ina fa lafiya, Baba? Jatan lande nake kiwo tare da karfasa. Ruwan tankin yana bi ta matatar injin ya dawo, kifi na sama, su suna ƙasa suna tsince abin da ya faɗo. Sai yayana ya ce in zuba tarwada, wai ta fi saurin girma."

"Ai gaskiya ya faɗa, 'yata."

"Wace gaskiya? Jiya da injin ya tsaya na rage ruwa, ko jatan lande ɗaya ban samu ba, duk tarwadar ta cinye. Na kira shi, wai in yi haƙuri, shi ma a bakin wani ya ji."

"Ba ki ƙosar da ita ba ne. Ni da kaina na sa 'ya'yana suka zuba a namu tankin."

Ta juyo ta dube shi sosai. "Ragowar abincinta ne ya toshe injin nan, Baba."

Dattijon ya gyara zama ya ce, "Girman tarwadar taki ya kai yaya?"

Ta nuna masa tsawon tafin hannunta.

Ya miƙe, ya bar injinsa a benci. "In an zo kaina, ki shiga. Tamu ta wuce haka, kuma da jatan lande a tankin."