Sunan Ɗan Farina

Assalamu alaikum Malam, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni ce Hajara daga Burumburum.

Ɗan farina bai taɓa tafiya ko magana ba. Shekara goma sha ɗaya ina goyonsa, har bayan rasuwar babansa. Da daminar nan Allah ya karɓi abinsa. Yanzu maƙwabciyata na kawo min 'yarta mai irin lalurarsa. Ina ba ta kunu a hankali, tana min dariya, sai in ji sanyi a raina.

Abu ɗaya ke damuna. Saboda alkunya ban taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" nake cewa. Don Allah Malam, ka karanta shi da ƙarfi in ji, jama'a su yi masa addu'a. Sunansa Mustafa.