Matar da Ba Ta Gaishe Mu a Kasuwa

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya ba mu aronta kuma ya karɓi abinsa.

Shugaban asibiti, shugabar ma'aikatan jinya, shugaban sashen fisiyo, wato sashen gyaran jiki ta hanyar atisaye, da abokan aikin marigayiya, ina gaishe ku. Inna, mahaifiyarta, sannu da haƙuri. Maigidanta, 'yarta tilo, ƙannenta, da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Ni malamar lissafi ce a makarantar sakandare, ba ma'aikaciyar asibiti ba, ba kuma dangi ba. Da aka shirya wannan taro, an nemi mutum ɗaya cikin waɗanda ta yi wa magani ya yi magana. An tuntuɓi mutum bakwai, kowa ya ba da uzuri, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ce ta takwas. Na amsa ne saboda wata magana da maigidanta ya yi ranar da na je gaisuwa. Bai san ni ba, yana magana da wani aboki ne, na ji ya ce, "Shekara ashirin da shida tana aikin nan, amma ban ga mutum ɗaya da ya zo ya ce ta taɓa yi masa magani ba." Yallaɓai, ina zaune kusa da ƙofa a lokacin, kuma na yi shiru. Shirun nan ya hana ni sakat har yau.

To bari in faɗa. Bayan haihuwata ta huɗu, fitsari ya riƙa kuɓuce mini. In na yi tari, in na yi atishawa, in na yi dariya. Ga ciwo a ƙugu da mara wanda ba ya barina in tsaya minti goma a gaban allo. Shekara shida ina haka. Na daina shan ruwa da safe, na daina sa tufafi masu haske, na koma koyarwa a zaune. Ɗalibai suka sa mini suna Malama Ba Wasa, ba su san tsoron dariya nake ba. Alwala kuwa, Allah kaɗai ya san sau nawa nake sakewa kafin in idar da salla ɗaya.

Wata nas ce ta tura ni ɗakin ƙarshe na barandar fisiyo. Ɗaki ne ƙarami mai koren labule, da gado guda, da babbar ƙwallon roba a kusurwa, da ƙashin ƙugu na roba a kan tebur. Na shiga ina kallon ƙasa. Marigayiya ta rufe ƙofa, ta jawo kujerarta kusa da tawa, ta ce, "Anti, kin taɓa gaya wa wani?"

Na ce, "Ko baban yara bai sani ba."

Ta ce, "To numfasa tukuna. Wannan ba tsufa ba ne, ba kuma laifinki ba ne. Tsoka ce a ƙasan mara ta sha wahala ta gaji. Za mu sake koya mata aikinta."

Ta kasance mai haƙurin da ni malama ban da shi. Ta ɗauki ƙashin robar nan ta nuna mini inda matsalar take, ta koya mini yadda zan matse, in riƙe, in ƙirga biyar, in saki. Takan ce sakin ma aiki ne, yawancinmu mun iya ɗaurewa, saki ne ba mu iya ba. Ta kasance ba ta taɓa jikin mutum sai ta nemi izini, ko da zuwansa na ashirin ne. Ta kasance kuma ba a yi mata ƙarya. Wani mako na zo ban yi atisayen ba, na ce na yi. Ta dube ni ta ce, "Malama, ke da kike tsayar da yara a rana kan aikin gida, ina naki?" Na yi dariya har da hawaye, sannan na tsorata, na duba zanena. Ta ce, "Yi abinki, ɗakin nan ya ga abin da ya fi haka."

Wata biyar muka yi. Ranar da ta sallame ni, ta faɗa mini ƙa'idar da take faɗa wa kowa. Ta ce, "In mun haɗu a waje, ban san ki ba, sai in ke kika fara gaishe ni. Mutane sun san aikina. In na gaishe ki, na tona miki asiri."

Bayan 'yan makonni muka haɗu a layin masu yadi a kasuwa, tana tare da maigidanta, ni ina tare da surukata. Idonmu ya haɗu. Ta juya ta ci gaba da taya yadi kamar ba ta taɓa ganina ba. Na so in gaishe ta, kunya ta riƙe ni, na wuce. Sau huɗu muka yi haka cikin shekara tara, kuma ko sau ɗaya ban buɗe baki ba. Kullum ina cewa wata rana. Ciwon mako biyu ya ɗauke ta, watan jiya.

Mu ke nan, mutanenta. Akwai mai jego da ta kasa zama a kujera. Akwai amaryar da ciwo ya kusa raba ta da mijinta. Akwai dattijon da aka yi wa aiki, ya daina zuwa jam'i don tsoron najasa, ta mayar da shi sahu. Akwai direban da ƙugunsa ya hana shi tuƙi. Mun warke, mun koma harkokinmu, muka bar ta tana wucewa cikinmu kamar baƙuwa. Ita ta zaɓi hakan dominmu, amma mu ma mun ji daɗin fakewa a bayansa, kuma yau ina jin kunyar wannan fiye da kunyar ciwon.

Inna, kin haifi 'yar da ta rufa wa ɗaruruwan mutane asiri, ta tafi da shi bakinta a rufe. Ke kuma 'yata, in an tambaye ki aikin mahaifiyarki, kada ki ce tausa take yi. Ki ce tana mayar wa mutane da sallarsu da dariyarsu da aurensu.

Yallaɓai, ba zan ce kowa ya miƙe tsaye ba, don da tana nan da ta hana ni. Amma ka ɗaga kai ka dubi zauren nan. Duk fuskar da ba ka sani ba, ba dangi ba, ba ma'aikaci ba, kada ka tambaye ta abin da ya kawo ta. Mun zo ranar gaisuwa ma. Mu ne muka cika maka tsakar gida, muka ce maka mu 'yan unguwa ne.

Na gode wa asibiti da ya tara mu, na gode muku da kuka saurare ni. Ya Allah, baiwarka ta suturta mu a duniya, ka suturta ta a kabarinta da ranar tsayuwa. Ka yafe mata kurakuranta, ka sanyaya zuciyar mahaifiyarta da mijinta da 'yarta, ka sa Aljanna ce makomarta. Mu kuma ka yafe mana gaisuwar da muka hana ta. Amin.