Ruwan da Mama Keziya Ta Hana Baƙo

A tashar Kafanchan, Mama Keziya na jiran mota, rungume da gorar ruwa. Wani ɗan kasuwa ya zauna gefenta yana sharce gumi.

"Mama, sam mini ruwan nan."

"Ba zan ba ka ba, ɗana."

"Haba! A garinku ana hana baƙo ruwa?"

"Ban taɓa ba sai yau. Ɗaga ka gani."

"Subhanallahi! Ai kore ne!"

"Rafinmu ke nan. Babban gidan kaji ke zuba kashi ciki. Kaduna zan kai, tunda an ce ba mu da shaida."

"Wa zai sha wannan?"

Ta karɓe gorarta.

"Jikata. Ranar Asabar muka binne ta. Ita ban hana ta ba."